Hannu Kamar An Shafa Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya ja mini a jirgin ruwan Staten Island, a nan Amurka, ba.

Asalin abin 'yata ce, Nabila. Shekararta goma sha uku, a Parkchester ta tashi, tana jin Hausa sarai, amma duk abin da na ce mata da Turanci take mayar mini. Abin yana ci mini rai, wallahi. Sai na lura abu ɗaya ke zaunar da ita a falo: ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga ana kokawa. Akwai wani yaro Bahaushe, Mubarak, da ya shiga sahun ƙwararru a shekarar. Risiba ne, wato aikinsa ya sheƙa da gudu ya cafe ƙwallon da aka jefo masa. Nabila har riga mai lambarsa gare ta. Na ce to, ga ƙofa ta samu! Na duƙufa kallo tun daga farkon kaka har ƙarshenta (ni da a Fagge ko gola ba a yarda a ba ni), har na fara jin kaina gwani.

Ranar za mu suna ne a Stapleton. A jirgi muka zauna kusa da wata Hajiya mai kuloli biyu na dambu. Muka gaisa, ashe 'yar Damagaram ce, kuma suna ɗaya za mu. Ta dubi rigar Nabila, ta kawar da kai, ta ce, "Yaron nan kuke kallo?"

Kai jama'a! Kamar ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ga Nabila na ji, yau za ta san ubanta ba kanwar lasa ba ne.

Na gyara zama na ce, "Hajiya, ai na karance shi tsaf! Gudu kam Allah ya ba shi, in ya saki ƙafa sai dai a bi shi da kallo. Yankan da yake yi wa masu tsaronsa kuwa, sai kin tausaya musu. Amma hannu? Hannu kamar an shafa man shanu! Ƙwallo ta zo masa har ƙirji, shi yana leƙen wanda zai buge shi, sai ta zube. In kuma ba shi za a jefa wa ba, sai ya yi tsaye kamar mai jiran bas."

Ta ce, "Lalle kam. Tun yana ƙarami ko kwano aka miƙa masa sai ya yar."

(Nan ya kamata in farga. Ina! Na ɗauka a rediyo ta ji.)

Nabila ta fara mintsinina. Na zaci jinjina ce, sai na ƙara wuta: "Shekarar farko ce, zai gyaru. Amma laifin iyayensa ne, Hajiya, an shagwaɓa shi. Da ni ne ubansa, da tuni na miƙar da shi."

Ta ce, "Gaskiyarka, Malam."

Muna sauka, wani zabgegen saurayi ya taho, ya durƙusa har ƙasa, ya karɓi kulolin. Nabila ta ƙwalla ƙara. Ni kuwa na dubi fuskarsa da kyau. Mubarak ne! Sai a lokacin na gane: ɗanta ne na fari. Kunyar ɗan fari ce ta hana ta kama sunansa, balle ta kare shi. Ni da na taso ban taɓa jin uwata ta kira sunan yayana ba, na zo na manta!

Ba ta ko dube shi ba ta ce, "Gai da kawunka. Malam, maimaita masa, ni ba ya jin tawa."

Na yi ta in'ina, "A'a, ai... gudun nake yabawa." Ta ce, "A'a, ta man shanun."

Mubarak ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Kawu, gaskiya ne, koci ma haka ya ce." Ya ɗauko ƙwallo a motarsa zai ba Nabila, sai ya ce, "Kawu, nuna mini yadda ake yi." Ya jefo mini a hankali, irin jifan da ake yi wa ɗan yaye.

Na buɗe hannu biyu da bismilla. Ta wuce tsakaninsu, ta daki ƙirjina, ta yi sama ta tafi da hulata. Ƙwallo gabas, hula yamma, babbar riga ta naɗe mini a wuya.

Sai na ji muryar Nabila, da Hausa tsantsa, ba ko ɗigon Turanci: "Baba, hannunka kamar an shafa man shanu!"

Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa ga kunya ga ƙwalla. Shekara goma sha uku ina jiran jimla guda daga bakinta, ga irin wadda na samu.

Tun daga ranar, in zan yi sharhin ɗan wasa sai na fara tambayar wacece uwarsa. Nabila kuwa Hausa ta zauna a bakinta, sai dai rabinta a kaina take ƙarewa.