Sammaci Ga Marigayi Kitan

Yau da hantsi na yaga wandona na zuwa coci a jikin ƙarfen maƙabarta, kuma ina so masu karatu su sani tun da wuri cewa a bakin aikin hukuma na yaga shi. Mai kai wasiƙa ne ya buga mini ƙofa, riƙe da ambulan mai hatimi uku, ya ce in taimaka in raka shi. Takardar ta Kitan ce. Kitan kuwa ya rasu a 1961, ni ko haihuwata ba a yi ba.

"Kawu Naum, ni dai an ce hannu da hannu," in ji mai wasiƙar. "In bai karɓa ba, sai maƙwabci ya sa hannu cewa an same shi a gida."

Na ce, "A gida kam za ka same shi. Mutumin nan ba shi da yawo."

Ƙofar maƙabartar a kulle take, sai muka haura, ƙarfe ya cafke ni ta baya. Na sa hannu ina dafe da wando, muka danne takardar da dutse a kan kabarin, kusa da 'yan'uwanta biyu da rana ta riga ta koɗar. Matata Ratka ta ce ba za ta ɗinke ba sai na gaya mata abin da ya kai dattijo haura katangar matattu. To ga shi nan, ita da ku duka.

A ƙauyenmu na nan kudancin Makedoniya, rafi ɗaya ne ke gangarowa daga dutse, lambuna kuwa sun fi ɗari. Shekara talatin Tode ne ke raba ruwan. Yana da wani ƙaton makulli na ƙarfe, ya buɗe wa wannan yau, ya buɗe wa wancan gobe. Ba zan ce muku Tode waliyyi ne ba. In ka ba shi gahawa da ƙwai shida, ranar ruwanka takan yi tsawo, in ka zagi ƙungiyar ƙwallonsa takan gajarce. Amma Tode yana da gida, gidan yana da taga, kowa kuma ya san tagar. In ya cuce ka, sai ka tsaya a ƙarƙashinta ka ambaci kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya fito da silifa ya buɗe maka ruwa yana rama zagin.

A watan Mayun bana Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya zo mana daga birni da motoci tara. Ya ce zamanin son kai ya wuce. Daga yau na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce za ta raba ruwa, ba ta shan gahawa, ba ta cin ƙwai, ba ta da suruki. Aka kafa ƙofofin ruwa masu buɗe kansu, aka gasa raguna huɗu, aka ba Tode takardar yabo aka ce ya je ya huta. Mai Girma ya yi mana alkawari uku: adalci, bayani, da wanda za a kama idan an yi kuskure. Mun tafa sosai, don lokacin naman bai ƙare ba.

Wata biyu lafiya lau. Sai a Agusta aka ce an ƙara wa na'ura ilimi, an haɗa mata rajistar filaye da rajistar mamata, littattafai biyu da ma'aikatan gunduma ba su taɓa ɗorawa a tebur ɗaya ba. Ta duba ta ga lambun maƙwabciyata Goggo Menka yana da sunan Kitan, kakan mijinta marigayi. Ta duba ta ga Kitan ya mutu. Ta yanke hukunci cewa mamaci ba ya noma, ta rufe ƙofar.

Za ku ce a canza sunan mana. Kun taɓa tara magada kuwa? Kitan ya bar ashirin da uku, wasu a Jamus, wasu a Ostireliya, biyu ba sa ga maciji saboda wata bishiyar tuffa da ta bushe tun ina saurayi. Ba wanda ke canza sunan fili a nan. Laifin gidan su Menka ɗaya ne, mutanen kirki ne masu bin doka, da Kitan ya mutu suka je suka rubuta. Mu a gidanmu ba a yi wannan gangancin ba. Kakana Despot, a rajista, shekararsa ɗari da arba'in da ɗaya, yana karɓar ruwansa duk Alhamis, har na'ura ta aiko masa da gaisuwar ranar haihuwa tana yaba ƙwazonsa.

Tattasai ɗari takwas Goggo Menka ta dasa, saura mako uku su nuna. Wanda bai san mu ba zai ce tattasai ne kawai. Duk Satumba 'yarta kan zo daga Jamus da jikoki, a gasa tattasan a tsakar gida, a ɓare, a niƙa, a yini ana juya aibar a kasko, wato miyar tattasai mai kauri da muke shafa wa burodi, a cika kwalabe na hunturu. Wannan makon kaɗai ne a shekara ake jin hayaniya a gidan. In babu tattasai babu aibar, in babu aibar 'yar za ta ce a bari sai baɗi, kuma Goggo Menka tana da shekara saba'in da takwas. Na ga ganyen yana lanƙwashewa ta saman shinge, raina ya ɓaci ƙwarai.

Kwana na huɗu da rufe mata ruwa ta leƙo ta shingen.

"Naum, sa takalmi. Kai ne mai surutu a jarida, yau surutun zai yi rana."

"Goggo, a yi a hankali. In na ɗaga murya za su duba kakana."

"In ba ka tashi ba ni zan duba musu shi. Da hannuna na dafa alkamar sadakar jana'izarsa."

Na sa takalmi.

A gunduma an manna sabuwar doka a bango, kuma wallahi doka ce kyakkyawa, na karanta har idona ya kawo ruwa. Duk wanda na'ura ta yanke wa hukunci yana da haƙƙin a yi masa bayani, da haƙƙin ɗan Adam ya sake dubawa, da haƙƙin kai kuka ga Kwamitin Ɗa'a. Muka fara da bayani. Na'ura ta fitar mana da shafi goma sha huɗu, a ƙarshensu ta rubuta cewa kashi casa'in da bakwai cikin ɗari na matattu ba sa buƙatar ruwa.

"Sauran ukun fa?" in ji Goggo Menka, tana kallona.

Na duƙa ina gyara igiyar takalmi.

Ɗaki na biyu an rubuta a ƙofarsa: Ɗan Adam Mai Sa Ido. A ciki muka sami Blagoja, ɗan Dosta mai gidan burodi, ya yi ƙiba ya sa taye. A gabansa akwai allo da maɓalli ɗaya kore. Duk hukuncin da na'ura ta yanke sai ya danna, daga takwas zuwa uku, ban da lokacin gahawa.

"Ɗana, wannan koren na mene ne?"

"Na amincewa ne, Goggo."

"Ina na ƙi?"

"Ja ne shi. Yana cikin kashi na biyu na aikin, bai iso ba."

"To wa ya rufe mini ruwa?"

"Na'ura ce."

"Wa ya sa ta?"

Blagoja yaron kirki ne, ya buga wa kamfanin da ya ƙera ta waya a gabanmu. Kamfani ya ce shi ƙira kawai ya yi, abin da gunduma ta ɗura mata shi take faɗa. Gunduma, wato ɗakin da ke kusa, ta ce rajistarta daidai take, ko muna musun Kitan ya mutu ne? Blagoja ya ce shi ido aka ce ya sa, kuma ya sa. Saura Kwamitin Ɗa'a, Ranka-ya-daɗe Jagoran Zaman Otal da mutanensa shida. Sun tafi bakin teku a ƙasar maƙwabta, kwana goma, taron ƙara wa juna sani a kan ɗaukar alhaki. Ina yi musu fatan ruwa ya yi musu daɗi, tunda su sun samu.

Da Goggo Menka ta ce za ta ɗaukaka ƙara, Blagoja ya buɗe littafi ya ce mai fili kaɗai ke da wannan ikon, kuma da kansa. Sai dai in tsufa ko rashin lafiya ya hana shi zuwa, to jami'i zai same shi a inda yake zaune.

"Tsufa kam ya tsufa," in ji ta. "Lafiyar ma ba sosai ba. Ɗauko hularka."

Haka muka tsinci kanmu mu uku a maƙabarta da tsakar rana. Blagoja ya tsaya gaban dutsen Kitan, ya cire hula, ya yi gyaran murya, ya karanta daga fom.

"Malam Kitan, kana da ja a kan hukuncin na'ura?"

Shiru, sai kukan gyare. Ya jira minti ɗaya cif kamar yadda littafi ya ce, ya rubuta: mai fili bai yi ja ba. Ya dubi Goggo Menka da tausayi, har yana neman ba ta haƙuri.

"Dakata," in ji Goggo Menka. "Shirun nan yarda ce?"

"Haka littafi ya ce, Goggo."

"To tambaye shi, yana da ja in matar jikansa ta buɗe ruwa a madadinsa?"

"Wannan ba ya cikin fom."

"Akwai fili a ƙasa, an rubuta ƙarin bayani. Na ga fom kafin uwarka ta ga ubanka. Tambaye shi."

Blagoja ya share gumi ya tambaya. Muka jira minti ɗaya. Kitan, Allah ya ji ƙansa, bai ba mu kunya ba.

"Rubuta," in ji ta.

Daga nan gidan Tode muka nufa. Ba mu ma ƙarasa ƙarƙashin tagar ba ya fito da makullinsa, a goge yake fes, ashe kullum yana shafa masa mai. Tsohuwar ƙofar ruwa tana nan a gefen sabuwar, ba wanda ya tuna ya cire ta, don ba ta cikin kashi na ɗaya. Tode ya murɗa yana zagin na'ura da kakanninta, ruwa ya gangara cikin kunyoyi. Goggo Menka ta cire takalmi ta shiga da fartanya tana juya shi layi layi. Ni kuwa, ban ɓoye muku ba, na juya baya na share ido.

Na'ura ba ta barci. Kafin mu wanke ƙafa ta gano an saci ruwa a filin Kitan, bisa iznin Kitan, ga sa hannun jami'i. Ta aika masa sammaci ya bayyana gaban Kwamitin Ɗa'a. Bai je ba. Ta aika na biyu, nan ma ya yi taurin kai. Kwamiti ya dawo daga teku fata ta yi ja, ya zauna ya yi shari'a a bayan idonsa. Takardar da muka kai yau ita ce hukuncin: an sami Kitan da cikakken alhaki, an haramta masa ruwa shekara biyar. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya shiga rediyo ya ce alkawarinsa na uku ya cika, tsarin ya gano mai laifi ba tare da sa bakin kowa ba.

Yanzu da nake wannan rubutu hayaƙin tattasai ya cika mini ɗaki. Jikokin Goggo Menka suna ihu da Jamusanci a bayan shinge, 'yarta tana juya kasko tana ƙorafin ciwon baya, tsohuwar kuma tana zaune a kujera tana gaya wa kowa ba haka ake yi ba. Tode yana can ya ci rabin burodi da aibar mai zafi, an cika masa kwalba shida, ba wanda ya ce cin hanci ne. An aiko mana da tamu, Ratka ta karɓa ta ɗauko allura.

Na zauna na lissafa. Kamfani ya ce ba shi ba ne, gunduma ta ce ba ita ba ce, mai sa ido ya ce ido kawai ya sa, kwamiti yana cikin ruwa, na'ura kuma ba ta da taga. A duk faɗin wannan al'amari mutum ɗaya ne aka ɗora wa laifi bai musa ba. Ina ba da shawara a ba Kitan shugabancin Kwamitin Ɗa'a, ba ya zuwa teku, kuma kullum ana samunsa a gida.

Wanda ya haɗu da kakana Despot kuwa, ya gaishe shi kawai ya wuce. Gobe Alhamis ce.