Rasuwar 'Yar Kwatano, Ma'ajiyar Muryar Baba Hamma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon abin da ya halatta a kan na'ura, ni Sulaiman Namadi, mai ɗakin ɗaukar sanarwa a bakin tashar Bagudo, ina sanar da rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya da kuma taimakon masoya.

Marigayiyar ta shigo ta iyakar Benin a cikin kwalekwale, tsakanin buhunan shinkafa, 'yan shekaru bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ta zo ne don haɗa waƙoƙin biki. Ta tarar kasuwar makaɗa ta ja baya, sai ta koma sanarwar cigiya ba tare da ƙorafi ba: saniyar da ta ɓata a Kurgu, tarun da ruwa ya ja, akuyar Geza da ta bi wani garke. Muna ɗauka a kaset, a sa a lasifika ranar kasuwar Lolo.

Ta rayu a kan Linuks, tsarin nan da kowa ke ɗauka kyauta, tare da wata tsohuwar manhajar haɗa sauti. An san ta da ladabi. Ba ta taɓa barin sauti biyu su fita lokaci guda ba. Idan manhajar ta kama katin sauti, wato ɗan abin da murya ke fita ta cikinsa, kowa sai ya yi shiru ya jira layi. Wani dattijon unguwarmu ya taɓa tambaya ko za a iya sa ta cikin kwamitin masallaci.

Za mu yi kewar "tiit" ɗinta na safe, da "ƙurrr" na fankarta mai kama da injin niƙa. Amma sautin da aka fi saninta da shi ba nata ba ne. Na Baba Hamma ne, mai shelar kasuwar Lolo, wanda muka ɗauka kafin Allah ya karɓi ransa: "Jama'ar kasuwa, ku ba ni aron hankalinku, yanzu ina maido muku abinku!" Da wannan ake buɗe kowace sanarwa. In ba a ji shi ba, ba mai ɗago kai. 'Yarsa Fadimatu, mai sayar da bandar kifi, ta maido teburinta gindin lasifikar saboda shi. Muryar tana ajiye a wata siga da tsohuwar manhajar kaɗai ke iya buɗewa.

Ciwon ajali ya zo ta hannun aminina Malam Ma'azu, malamin kimiyya, wanda ya dawo daga bita a Birnin Kebbi da faifan sabon tsarin Linuks da kyakkyawar niyya, ya sa mata shi. Sabon tsarin yana barin kowa ya yi magana lokaci guda, amma ba mai ganin katin sauti kai tsaye. Tsohuwar manhajar ta nemi katin inda ta saba samunsa, ta rasa, ta yi shiru. An sa musu tafinta a tsakani, wata 'yar manhaja mai kai saƙo. Baba Hamma ya fito yana in'ina. An gyara, ya fito da muryar ɗan akuya. Kaset ɗin kasuwa kuwa, da muke gogewa kowane mako, an riga an goge shi ana jiran sabuwar sanarwa.

Na karanta cigiyar saniyar wani Atiku da muryata. Kasuwa ta ci gaba da ciniki. Saniyar Atiku har yau ba labari. Fadimatu ta zo dubiya da kifi a takarda, ta zauna.

Ranar Laraba Malam Ma'azu ya maido tsohon tsarin. Marigayiyar ta farfaɗo, ta ce "tiit". Ta buɗe muryar, Fadimatu ta kara wayarta a bakin lasifika tana ɗauka. Ƙofa na buɗe saboda zafi, kuma daidai tsakiyar shelar jakin maƙwabcinmu Lauwali ya yi kuka. Kafin a maimaita, fanka ta tsaya, ɗakin ya ɗauki ƙaurin wayar lantarki.

Ta bar allo mai jan layi a gefe, da madannai marasa harafin "k", da janareta wanda ake zargi amma ba a tuhuma ba. Ta kuma bar muryar Baba Hamma, kwafi ɗaya, haɗe da jaki.

Ba za a yi mata wanka ba, don ba ta taɓa shiri da ruwa ba. Za a lulluɓe ta da zane a ɗora a kan kabad bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a shago. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da faifai.

Za a sa shelar a Lolo ranar kasuwa mai zuwa. Malam Ma'azu ya nemi izinin cire jakin da sabuwar manhaja. Fadimatu ta yi godiya, ta ce a bar shi. Ta ce mahaifinta bai taɓa yin shela a kasuwar nan jaki bai amsa masa ba.