Mazarin Uwata a Bayan Igiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar Juma'ar da na mari hannun matar da ta goya ni ba, a gaban mutanen Dogon Dutsi, saboda wata doka da ni kaina na ƙirƙiro.

Na shiga karatun manya ina da shekara arba'in da uku. Da na iya haɗa baƙi da baƙi, sai na ga kamar ni na fara karatu a Arewa (har allon shagunan mutane nake tsayawa in gyara musu, ba wanda ya tambaye ni). Don haka da ƙungiyarmu ta mata ta yanke shawarar baje kayan gargajiya na kwana bakwai, ni na karɓe shirin. Mushe Garba (haka muke kiran malami da Faransanci), wanda ya koya mana karatu, ya ce da ni, "Madam, ki fara tambayar kanki, wa za ya zo kallo?" Na ce masa ai mutane za su zo, ba awaki ba. Ya bar ni.

Muka bi ƙauyuka muna aro: ƙore, tuluna, faifai, tsofaffin zannuwan saƙi. A Dogon Kiriya na je wurin Inna Hawa, yayar mahaifiyata, wadda ta raine ni tun ranar da uwata ta rasu wurin haihuwata. Idanunta sun daɗe da rufewa. Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta ciro mazarin da uwata take kaɗin auduga da shi. Ta ce, "Kwana bakwai kika ce, ɗiyata? Ban taɓa kwana ba shi ba." Na ce kada ta damu.

A ɗakin taron ƙungiyarmu na ɗora komai bisa dogayen tebura, na kewaye da igiya. Kowane abu na rubuta masa takarda da Faransanci da Hausa, hannuna har ya kumbura. A bakin ƙofa na kafa babban allo: KADA A TAƁA. Na ajiye kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, don baƙi su rubuta ra'ayinsu. Ban sa tabarma ko ɗaya ba, ban sa randar ruwa ba. Ni da na shekara arba'in ina dangwala yatsa a takarda, ban tuna akwai wanda bai iya karatu ba.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, matan ƙauye suka cika ɗakin. Suna tsaye, suna leƙe, suna tambayar juna me aka rubuta. Ni kuwa ina zagaye da regil ɗina na jan layi kamar jandarma. Sai na hangi wani hannu daga cikin cunkoso ya tsallaka igiya yana laluben tebur. Ban dubi fuska ba. Na sauke regil, fau! Na ce, "Ba ki ga allo ba ne?"

Tani, maƙwabciyar mai hannun, wadda ta riƙo mata sanda tun daga tasha, ta ce, "Ke Zali! Da wane ido za ta gan shi?"

Inna Hawa ce. Kwana huɗu ta iya daurewa, ta hau motar kasuwa ta zo.

Na so ƙasa ta tsage. Ita ko ba ta yi faɗa ba (da ta yi, da na samu sauƙi). Ta shafa bayan hannunta ta ce, "Bar ta, Tani. An ce ɗiyata ta yi rubutu. Karanta mini in ji."

Na karanta: "Mazari. Kayan kaɗi na mutanen da."

Ta karkato kunne tana jiran saura. Babu saura.

"Mutanen da?" ta ce a hankali. "Sunanta Aisa."

Sunan uwata ke nan. Na ɗauko mazarin na sa mata a hannu. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, ta ɗaure a bakin zane, ta ce wa Tani su tafi kada mota ta bar su.

Washegari na kwance igiyar, na shimfiɗa tabarmi, na sauko da kayan ƙasa. Tsofaffi suka zauna suna juya su a hannu, kowace tana faɗin mai abin da yadda aka yi shi. Ni na koma mai rubuta abin da suke faɗa, kayen da ya kwana huɗu fayau ya cika. Mushe Garba ya leƙo, bai tuna mini da tambayarsa ba, Allah ya saka masa.

Inna ba ta ga wannan ba. Na yi ta cewa zan je in roƙi gafara idan kunya ta sake ni. Kafin kunyar ta sake ni, damina ba ta kai ga faɗuwa ba aka aiko mini da rasuwarta, da mazarin a ƙulle cikin tsumma.

Yanzu ko tuwo zan ajiye wa baƙo, sai na fara tambaya ko yana da haƙori. Regil ɗin kuma yana nan, da shi nake tokare tagar ɗakina. Aikin da ya dace da shi ke nan tun farko.