Kuwabara da Hujin Kwalekwale

"Ni da iska tare muka tashi. Ko juyawa za ta yi, sai ta nemi izinina!"

Kuwabara ke nan, abokina, tsohon shugaban sashe a wani kamfanin inshora. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai riƙa yi wa tsawa, sai ya faɗo ƙungiyar masu tseren kwalekwale, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa. Wai gwani ne tun a jami'a. Shaidarsa ɗaya ce, bakinsa.

Ran atisaye Koci Tsuruta ya ce duk wanda ya fara zagayo alamar da aka kafa a tsakiyar ruwa ya dawo, shi zai riƙe akalar kwalekwale a gasar lardi. Gogan naka kuwa tuni ya gayyato surukansa kallon gasar, har da ɗinka hular kyaftin.

Aka haɗa shi da Shimazaki, wata mai shagon magani da ta shigo ƙungiyar jim kaɗan bayansa. Wannan 'yar tazarar ta ishe shi zama babba, ka kuwa san ƙarami ba ya gyara wa babba magana kai tsaye.

To, duk kwalekwalen da aka wanke akan cire matoshin hujin bayansa don ruwa ya tsiyaye, matuƙi ke mayarwa. Sarkin iska, wanda shi ne matuƙin, yana can yana zuba lacca, ya tura abinsa haka nan. Sai da suka yi nisa Shimazaki ta hango matoshin yana reto a igiyarsa.

Ta sunkuyar da kai, ta haɗa sunansa da "san" na girmamawa. "Kuwabara-san, gafara dai, wataƙila ni ce ban gani daidai ba, amma..."

"Ke! Baki ɗaya ne a jirgin nan, nawa."

"Na gode da gyara."

Tun ba a busa usur ba ya tsallake layin farawa, Koci ya kora shi baya. Wajen juyowa sandar ƙyalle ta zabgo, ƙwal a tsakiyar sanƙo, hular kyaftin ta bi iska ta kama hanyar Koriya can tsallaken teku.

"Da gangan na yi, nauyi nake ragewa," in ji shi, idonsa taf da ƙwalla.

Nauyi kuwa sai ƙaruwa yake. Kwalekwale ya koma jan ciki kamar saniyar da ta ƙoshi, kowa na wuce su yana ɗaga hannu cikin ladabi.

"Shimazaki-san, curin shinkafa nawa kika haɗiye da safen nan?"

"A yi haƙuri. Sai dai a bayanka akwai..."

"Matuƙin ƙwarai ba ya waiwaye! Ja igiya. Ta bakin gaɓa za mu yanke, can iska take ɓuya, ni kaɗai na san ɗakinta."

Bai iske ta a gida ba. Ruwan da ya cika cikin kwalekwalen ya gangara gefe guda, jirgi ya yi tunani kaɗan, ya kife rijif.

Wayyo, zo ka ga sarkin iska! Ya rungume gindin kwalekwale, ya runtse ido, yana kurma ihu. Can nesa aka busa usur, wani ya lashe akalar gasar lardi, shi ko ta kansa yake yi.

"Na tafi! Shimazaki-san, ki ce wa surukaina da igiyar ruwa mai tsayin bene na yi kokawa!"

"Kuwabara-san, da za ka daure ka..."

"Kar ki biyo ni, ki ceci ranki!"

Sai ya ji an ƙwanƙwasa masa kafaɗa. Ya buɗe ido ɗaya. Wata 'yar tsohuwa ce mai tonon katantanwar teku, tsaye da kwandonta, ruwan iyakarsa gwiwarta.

"Kai mai sanƙo," ta ce, "in ka gama nutsewar, ɗaga min ƙafarka. Abincin darena ka take."