Ranar da Mama Ta Shiga Darasin Lissafi

A makarantarmu ta Narayi, intanet sai ta ga dama take zuwa. Shi ya sa na naɗi darasin lissafi da wayata a gida, don yara su riƙa saurare a wayoyin iyayensu ba sai da data ba. Hedimasta ya ce in sake ji kafin in raba. Na ce, "Yallaɓai, ai ba yau na fara koyarwa ba." Na raba.

Ashe a tsakiyar darasin muryar mahaifiyata ta shigo: "Auta, kununka zai huce." Ni kuwa na ɗauka na tsayar da naɗin. Sai ga malamin da yara ke tsoro, da furfurarsa, yana amsawa a shagwaɓe: "Mama, kin sa min sukari da yawa?"

Ran Litinin aji ya yi tsit. Wata yarinya ta ɗaga hannu a hankali: "Malam, ta sa maka?"

Da Mama ta ji labari, cewa ta yi muryarta ta fita da kyau. Har yau, duk ƙarshen zango, sai na tarar da ƙullin sukari a kan teburina, ba suna.