Ranar Da Na Yi Wa Hayaƙi Kirari

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Mando ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Ni direba ne, na daɗe ina tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Malali, Alhaji Mamman. Amma kafin in san sitiyari na san kalangu. A gidan makaɗa aka haife ni, can ƙasar Katsina, na tashi ina bin mahaifina gidajen biki da na suna. Da na zo Kaduna sai na rataye kalangun a bayan ƙofa, na ce na gama da shi. (Yatsuna dai ba su ji wannan maganar ba.)

Faruk, ɗan Alhaji na biyu, shi ya gano ni. Yaro ne mai shiru-shiru, ya gama jami'a yana jiran aiki, kuma shi ke duba mini rubutuna da yamma, tunda da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bai taɓa yi mini dariya ba. Wata rana na ɗauko shi daga Babbar Kasuwa, muka maƙale a cunkoso, ashe ina ta buga sitiyari da yatsu ban sani ba.

"Baba, sake yi in ji."

"Me zan sake?"

"Wannan da ka yi yanzu. Wallahi kai makaɗi ne, kake ɓoye mana."

A nan ya faɗa mini nasa sirrin. Yana kaɗa jita, yana waƙa, shi da wasu abokansa, kuma akwai wani ɓoyayyen wuri da masu irin wannan kiɗan suke haɗuwa su yi wa juna wasa. Suna son kalangu a cikin wata waƙarsu. Alhaji bai sani ba, kuma bai kamata ya sani ba, don mutum ne da ko rediyon mota ba ya yarda a kunna sai lokacin labarai.

"In ya ji, na kaɗe," in ji Faruk. "A can ba wanda ya san sunana ko gidanmu. Hayaƙi ake ce mini. Don Allah, Baba, kar ka manta."

Na ce, "Haba Faruku, ni yaro ne?"

Wurin wani tsohon gidan burodi ne da aka daina aiki a cikinsa, a bayan garejin kanikawa. Bayan La'asar ake farawa, a tashi kafin Magariba, saboda maƙwabta. An toshe tagogi da buhuna, an manna kwalayen ƙwai a bango don kar sauti ya fita. Da sauran rana a waje, amma ciki duhu, sai wani jan ƙwan lantarki guda da janareto ke ta fama da shi. Har yanzu wurin yana ɗan warin yis. Na shiga da babbar rigata da hulata, kalangu a hammata, na tarar da yara cikin baƙaƙen kaya, kowa da hular hana-salla. Faruk har da takunkumi a fuska. Wata yarinya ta matsa mini benci ta ce, "Sannu Baba, ɗanka ka zo nema?"

Na zauna ina kallo. Abin da na fara lura da shi, masu kallon su ne masu wasan. Waɗannan su sauka, waɗancan su hau, su ari wayar lasifikar juna, har da gangunan. Rukunin farko suka fara, mai jitarsu ya sa ta tana kuka kamar injin markaɗe, mawaƙinsu kuwa ya riƙe makirfo yana ihu kamar wanda aka taka wa ƙafa a motar haya. Na duba in ga wa zai tashi ya yi rawa. Babu. Na duba in ga wa zai fito ya yi liƙi. Babu. Sai gyaɗa kai kawai suke yi, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Rukuni na biyu wasu 'yan mata ne daga ƙetaren kogi, da fiyano, muryarsu da daɗi, amma su ma ba su ambaci sunan kowa ba tun daga farko har ƙarshe. Na ce a raina, yaran nan suna da hannu, amma ba wanda ya koya musu sana'a.

To, a nan sai na yi muku bayanin gidanmu. A wurin mahaifina, babu abin da ya kai shiru muni. In kana kiɗa fili ya yi tsit, to ka mutu a tsaye. Maganin kuwa ɗaya ne, tun muna yara aka dasa mana shi: ka nemi mutum mafi daraja a wurin, ka kama sunansa, ka kama na ubansa da na kakansa, ka ɗaga shi sama har fili ya motsa. Ba tunani ake yi ba. Jiki ne ke yi da kansa.

Aka kira su Hayaƙi, muka hau. Waƙar a hankali take tafiya, da Turanci kuma, ni kuwa Turancina bai wuce na shingen 'yan sanda ba. An ce in riƙa bi a baya, a tausashe, na kuwa bi. Faruk ya janye takunkumin zuwa haɓa, ya rufe ido, ya fara. Sai na ga gyaɗa kan nan ma ya tsaya. Wuri ya yi tsit. Wani ya sunkuyar da kai. Yarinyar da ta ba ni benci ta rufe baki da hannu. Na ce shi ke nan, yaron nan ya mutu a tsaye, a gabana, ni ina riƙe da kalangu.

Ban san lokacin da na matse kalangun ba. Na buga shi da ƙarfi irin na filin biki, na tako gaba, na ture kafaɗar Faruk daga makirfo, na buɗe murya:

"Faruku na Alhaji Mamman! Ɗan babban gida a Malali, mai koren ƙyaure! Jikan Liman, ɗan Hajiya Binta mai tuwon Juma'a! Ku tashi ku gaishe da ɗan manya!"

(Har da launin ƙyaure, jama'a. Abin da ya rage kawai in ba su lambar mota.)

Mai ganguna ya tsaya da sanda a sama. Jita ta yi wani ƙara ta mutu. Ni kuwa ina tsaye na buɗe hannu, ina jiran guɗa. Abin da na gani shi ne wayoyi, duk sun juyo kaina. Can daga baya wani ya ce, "Kai! Ashe Hayaƙi jikan Liman ne!" Dariya ta ɓarke a gefe guda, wasu kuma suna cewa a yi shiru. Faruk ya mayar da takunkuminsa, ya cire jitar daga wuya a hankali, ya sauka.

Yarinyar nan ce ta tare ni a bakin ƙofa, idonta da hawaye.

"Baba, me ya sa ka yi haka? Waƙar mahaifiyarsa ce fa, da ta rasu. Ba ka ga kuka muke yi ba?"

Ni na kai Hajiya Binta asibiti a tafiyarta ta ƙarshe. Ni na tuƙo motar da ta bi gawarta. Kuma ni ne na tsaya a tsakiyar waƙar da ɗanta ya yi mata ina kiran tuwonta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da kalangun.

A hanyar komawa na ba shi haƙuri har bakina ya bushe. Abin da ya ce kawai, "Ba komai, Baba. Ka kula da hanya."

Bidiyon bai yi wuyar isa Malali ba, tunda na ba shi kwatance. Ana cikin makon, ina tuƙa Alhaji zuwa ofis, sai na ji muryata tana tashi daga wayarsa a kujerar baya. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar farko, ya sake kallo.

"Malam," ya ce, "ashe maroƙi nake ɗauke da shi shekara da shekaru?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

Muka wuce shatale-tale. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Waƙar ta uwarsa ce?"

"Haka aka ce mini, ranka ya daɗe."

Na hango shi ta madubi yana kallon waje. Na ɗauka abin zai zo da sauƙi. Bai zo ba. Bai kore ni ba, bai kuma ɗaga wa kowa murya ba, amma a makon aka tura Faruk Kano wurin ƙanin Alhaji, ya zauna masa a shagon tayoyi kafin aiki ya samu. Rukuninsu ya watse. Na ji an ce gidan burodin ma an daina barin kowa ya ɗaga waya a ciki, kuma dokar da sunana ake kiranta, wai dokar Baba Mai Kalangu.

Jitar kuwa, Alhaji ya ce ba za ta kwana masa a gida ba, amma ya kasa sayarwa, ya kasa fasawa. Sai ya sa aka ajiye ta a but ɗin mota. Tana nan har yau. Duk ramin da na faɗa sai ta yi wani ɗan gunaguni daga baya, ni in ji, Alhaji ya ji, ba mai cewa komai. Na zama direban da ya fi kowa kauce wa rami a Kaduna.

Faruk yana kirana jefi-jefi, ya tambayi karatu, ya ce in ci gaba. Bai taɓa tayar da maganar ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Rubutuna yanzu ba mai duba mini, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri.

Kalangu ya koma bayan ƙofa. Abin da na koya da furfurata shi ne, ba kowane shiru ne ke neman taimakona ba. Yanzu in wuri ya yi tsit, sai in zura hannuwana biyu a aljihu, in dafe su da kyau, in jira in ga ko kuka ake yi.