Ranar da Na Ba Tarwada Makullai

Zamanin soja, shekarar da gero ya ƙi, ni ke riƙe da makullan mangazar hatsin garinmu. Wata la'asar na iske masunta bakin tabki, ba su kama komi ba.

Na ce, "Fatsarku bisa take yawo, tarwada ko tana ƙasa. Ku kalli gwani."

Babu dalmar nutsar da fatsa, sai na ɗaura makullan ga zarenta na jefa. Sun nutse sarai. Da na ja, zaren ya dawo shi kaɗai. Wani tsoho ya yi salati.

Washegari mata na layi da ƙorai bakin mangaza, ni ina laluben laka. Anka fasa ƙofa, anka karɓe aikin.

Har yau a kasuwar Filinge sai in ji, "Gwani, tarwada ta buɗe mangaza?"